Lookit: Yadda Binciken Tunanin Jarirai Ya Koma Cikin Gidaje

Mai binciken da yake son sanin abin da jariri ɗan wata biyar ya fahimta game da duniya yana fuskantar wahalar da sauran masu nazarin halayyar ɗan Adam ba su san ta ba, domin wanda yake nazarta ba ya magana, ba ya bin umarni, kuma ba ya zuwa ko'ina sai an ɗauko shi. Wannan ɗaukowar ita ce ta daɗe da zame wa fannin ƙarfen ƙafa. Kafin a samu jariri guda a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, sai an nemo iyayensa, an kira su, an sa rana, uwa ko uba ya bar aikinsa ya yi tafiya zuwa cikin gari, sannan bayan duk wannan ɗawainiya yaron yana iya isowa yana barci ko yana rigima, gwajin da bai wuce minti goma ba ya lalace. Saboda haka aka saba ganin binciken da aka gina a kan jarirai 16 ko 24 a rukuni, kuma a shekarar 2017 Lisa Oakes ta Jami'ar California da ke Davis ta ja hankalin abokan aikinta a kan cewa irin wannan ƙarancin adadi yana iya kai mai bincike ga yanke hukuncin da ba daidai ba, ko dai ya ga abin da babu, ko ya kasa ganin abin da yake akwai.

Lamarin da wannan rubutu ya duba shi ne yunƙurin da aka yi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, a birnin Cambridge na Amurka, na juya al'amarin: maimakon a kai jariri wurin gwaji, a kai gwajin wurin jariri. Kim Scott, wadda a lokacin take karatun digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Laura Schulz, ita ce ta gina wani dandali a intanet mai suna Lookit, inda iyaye za su zauna a gidansu, a lokacin da suka ga dama, su kunna gwajin a kwamfutarsu, kyamarar kwamfutar kuma ta ɗauki hoton fuskar yaron yayin da yake kallo. An buga bayanin dandalin da sakamakon gwajinsa na farko a mujallar Open Mind a shekarar 2017.

Ba za a gane dalilin da ya sa wannan tunani ya yiwu ba sai an san abin da ake aunawa. Tun ƙarshen shekarun 1950 Robert Fantz ya nuna cewa idan aka ajiye wa jariri hotuna biyu, ba ya raba kallonsa daidai a tsakaninsu, yakan fi daɗewa a kan mai zane fiye da wanda babu komai a kansa, kuma wannan bambanci shaida ce cewa idonsa da ƙwaƙwalwarsa sun rarrabe su. Daga nan aka gano cewa jariri yakan gaji da abin da aka yi ta maimaita masa, ya kawar da kai, amma ya dawo da kallo idan aka sauya wani abu. A kan waɗannan ɗabi'u biyu aka gina hanyar da ake kira saɓa wa tsammani. A shekarar 1985 Renée Baillargeon da Elizabeth Spelke da Stanley Wasserman suka nuna wa jarirai 'yan wata biyar wani allo yana kifewa baya kamar ya ratsa ta cikin akwatin da aka ajiye a bayansa, sai yaran suka fi daɗewa suna kallon wannan abin da ba ya yiwuwa. A shekarar 1992 kuma Karen Wynn ta ajiye 'yar tsana ɗaya, ta kare ta da allo, ta ƙara wata a gaban idon jaririn, sannan ta sauke allon. Idan ɗaya ce kawai ta bayyana maimakon biyu, kallon yakan yi tsawo. Har yau masana suna jayayya a kan fassarar waɗannan sakamako, wasu suna ganin lissafi ne, wasu suna ganin bin diddigin abubuwa ne kawai, amma abin da ya shafe mu a nan shi ne ma'aunin kansa: ina jaririn ya kalla, kuma daƙiƙa nawa ya yi yana kallo. Wannan ma'auni ba ya bukatar a taɓa yaron ko a ɗaura masa wata na'ura. Fuskarsa kawai ake bukatar gani, kuma kyamarar kwamfuta tana iya nuna fuska.

Akwai wani abu a tarihin fannin da ya cancanci a tuna da shi a nan, wato cewa a cikin gida aka fara shi. Charles Darwin ya buga abin da ya lura da shi game da ɗansa na fari a shekarar 1877, daga rubuce-rubucen da ya ajiye tun yaron yana jariri, kuma Jean Piaget ya gina ra'ayinsa game da shekaru biyun farko na rayuwa ne daga lura da 'ya'yansa uku. An bar gida an koma ɗakin gwaje-gwaje ne don a tsere wa son zuciyar uba mai kallon ɗansa, a kuma daidaita haske da sauti da tazara ga kowane yaro. Tambayar da ke gaban Scott da Schulz ita ce ko za a iya komawa gida ba tare da an zubar da abin da aka tafi nema ba.

Yadda zama guda yake gudana a Lookit yana nuna inda suka sa hankalinsu. Uwa ko uba yakan buɗe asusu, ya shigar da ranar haihuwar yaron, sai dandalin ya nuna masa gwaje-gwajen da suka dace da shekarunsa. Kafin a fara komai, sai ya karanta takardar amincewa, sannan ya faɗi da bakinsa a gaban kyamara cewa shi ne mahaifi ko mai kula da yaron, ya fahimci abin da za a yi, kuma ya yarda. Masu binciken ba sa samun damar amfani da sauran bidiyon sai wani daga cikinsu ya kalli wannan furuci ya tabbatar da ingancinsa. Daga nan ake nuna wa iyayen yadda za su zauna: a wasu gwaje-gwajen su rungume yaron a cinya su rufe idanunsu, a wasu kuma su ba kwamfutar baya su saɓa shi a kafaɗa yana leƙen allon. Dalilin haka shi ne jariri yana jin motsin jikin wanda yake riƙe da shi, kuma uwar da ta ga abin mamaki a allo tana iya ɗan zabura ko ta juya shi ba tare da ta sani ba. Ana fara nuna wani abu mai motsi da ƙara a gefen hagu, sannan a gefen dama, domin wanda zai duba bidiyon daga baya ya san yadda idon wannan yaron yake komawa idan ya kalli kowane gefe a wannan allon. Idan yaron ya fara kuka ko aka ƙwanƙwasa ƙofa, akwai maɓallin dakatarwa. A ƙarshe iyayen suke zaɓar wanda zai ga bidiyon: masu wannan binciken kaɗai, ko sauran masanan da aka tantance ta ma'ajiyar Databrary, ko jama'a gaba ɗaya, kuma suna da ikon janye shi baki ɗaya.

Wannan tsari na ƙarshe, a ganina, yana daga cikin abubuwan da aka yi daidai tun farko. Kyamarar da ke ɗakin gwaje-gwaje yaro da bango kawai take ɗauka, amma wadda ke cikin gida tana ɗaukar ɗakin kwana, da kayan da ke warwatse, da wanda ya gifta a baya bai shirya a gan shi ba. Tambayar iyaye bayan an gama, lokacin da sun riga sun san abin da ya shiga hoton, ta fi tambayarsu kafin a fara nauyi.

Don a gwada ko hanyar tana aiki, Scott da Junyi Chu da Schulz suka ɗauki bincike uku da aka riga aka buga, suka sake su a dandalin, kowanne da shekarun yara daban da ma'auni daban. Na farko ya shafi jarirai 49 masu kimanin wata 14, an ɗauko shi daga aikin Ernő Téglás da abokansa na 2007: ana nuna wani mazubi da abubuwa huɗu suke yawo a cikinsa, uku launinsu ɗaya, ɗaya kuma ya bambanta, sannan ɗaya ya faɗo waje, a ga ko jaririn zai fi kallon fitowar wanda ba a zata ba. Na biyu ya shafi yara 67 'yan shekara biyu, kan ko suna amfani da ginin jumla wajen hasashen ma'anar sabuwar kalmar aiki. Na uku kuma ya shafi yara 148 masu shekara uku zuwa huɗu, kan ko suna fifita maganar mutumin da ya saba faɗin sunayen abubuwa daidai a kan ta wanda ya saba yin kuskure. Sakamakon biyu daga cikin ukun ya yi daidai da na ɗakin gwaje-gwaje. Marubutan da kansu sun yi taka-tsantsan, suka ce saboda sauye-sauyen da dole aka yi wa tsarin, bai kamata a ɗauki aikin a matsayin cikakkiyar maimaitawa ba. Abin da suka tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta amma shi ne tushe: iyaye suna iya gudanar da gwajin da kansu, bidiyon yana isowa lafiya, kuma mutum biyu da suka kalli bidiyo guda kowa shi kaɗai suna iya yin ittifaƙi a kan inda yaron ya kalla.

Shekaru kaɗan bayan haka annobar korona ta zo. A watan Maris na 2020 jami'o'in Amurka da na Turai suka rufe ɗakunan gwaje-gwajensu, kuma ga mai nazarin jarirai jira ba ƙaramar asara ba ce, domin yaron da ake bukata yana ɗan wata bakwai ba zai tsaya a wata bakwai ba har a buɗe. A wannan shekarar aka buɗe Lookit ga masu bincike daga wasu jami'o'i, aka kuma kafa wani shafi mai suna Children Helping Science don tattara gwaje-gwajen intanet a wuri guda inda iyaye za su same su. A 2023 aka haɗe su biyun. Wasu masanan kuma suka bi wata hanyar, suna haɗuwa da iyali kai tsaye ta manhajar kiran bidiyo ta Zoom, mai binciken yana kallo yana sarrafa gwajin. Hanyar Zoom ta fi kusa da ɗakin gwaje-gwaje, tunda ana iya cewa uwa ta matsa kusa ko ta kashe talabijin, amma tana dawo da matsalar sa rana. Hanyar Lookit ta kawar da sa rana, sai dai babu mai gyara kuskure a lokacin da yake faruwa, kuma bidiyo da yawa sukan tashi a banza saboda duhu, ko yaro ya fita daga hoto, ko wani yayansa ya shigo yana nuna allon da yatsa.

A nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankali, domin yawan masu amfani da hanyar ya fito da iyakokinta fili. A Jami'ar Johns Hopkins, Alexis Smith-Flores da Lisa Feigenson da abokan aikinsu suka gwada jarirai 'yan wata 15 daga gida. Da aka nuna musu abin da ya tsaya a iska ba tare da wani abu ya tallafe shi ba, sun daɗe suna kallo kamar yadda ake gani a ɗakin gwaje-gwaje. Da aka nuna musu abin da ya ratsa ta cikin bango kuwa, bambancin bai fito ba, alhali an daɗe da sanin cewa jariran da ba su kai su ba ma suna mamakin wannan idan sun gan shi a zahiri. A Jami'ar New York, Agata Bochynska da Moira Dillon suka sake wani gwaji a Lookit da jarirai 'yan wata bakwai, inda alwatikai suke bayyana suna ɓacewa a gefe biyu, a gefe guda siffarsu tana sauyawa, a ɗaya gefen kuwa tana nan yadda take. A ɗakin gwaje-gwaje jarirai sun fi kallon gefen da siffar take sauyawa. A gida wannan fifiko bai bayyana ba, kuma suka buga sakamakon a 2021 yadda ya zo musu.

Babu wanda zai ce jariran gida ba su san siffa ba ko ba su san bango yana tare abu ba. Abin da ya sauya shi ne yanayin gani. A ɗakin gwaje-gwaje ana rage haske, a rufe kowane gefe da labule, allon ya cika idon yaro, ya zamana ba shi da wani abin kallo sai shi. A gida allon kwamfutar cinya ƙarami ne, hagunsa da damansa suna kusa da juna ta yadda yaro zai iya ganin duka biyun ba tare da ya juya ba, kuma a kewaye da allon akwai taga da kyanwa da fuskar uba, waɗanda kowannensu yana iya fin alwatika daɗin kallo. Ga kuma bambancin kwamfutoci: wannan allon inci 13 ne, wancan ya ninka shi, wannan intanet ɗin yana gudu, wancan yana tsaitsayawa. Fahimtata ita ce gwajin da bambancinsa yake da girma kuma a bayyane yana jure wa wannan hayaniya, amma wanda ya dogara ga ɗan ƙaramin bambanci na gani yana iya nutsewa a cikinta. Da Aaron Chuey da abokansa suka tattara binciken da aka yi ta hanyoyin biyu suka kwatanta, a wani nazari da aka buga a 2024, sun samu cewa a jimlace sakamakon intanet bai yi nisa da na ido da ido ba. Wannan labari ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai matsakaicin lissafi ba ya gaya wa mai bincike ko nasa gwajin yana cikin masu jurewa ko masu nutsewa.

Akwai kuma wata fuskar da za a kalli gazawar. Idan wata fahimta ta jariri ba ta bayyana sai a ɗaki mai duhu da labule, to wannan ma ilimi ne game da fahimtar, domin rayuwar yaro ba a irin wannan ɗakin take gudana ba. Aikin haɗin gwiwa na ManyBabies, wanda Michael Frank na Jami'ar Stanford yake cikin jagororinsa, ya riga ya nuna cewa ko tsakanin ɗakunan gwaje-gwaje sakamako yana motsi. A 2020 suka buga binciken da ɗakuna 67 suka yi a kan jarirai 2,329 don a ga ko jarirai sun fi son sauraron irin muryar da manya suke yi musu magana da ita, mai hawa da sauka da jan kalma. An tabbatar da fifikon, amma ƙarfinsa kusan rabin abin da ƙananan binciken baya suka nuna ne. Daga wannan haɗin gwiwar aka samu reshe mai kula da gwaji daga gida, da wani reshen mai nazarin jariran ƙasashen Afirka.

Sauƙin tattara bidiyo ya haifar da wata sabuwar wahala. A al'ada mutum ne yake zama ya bi bidiyon hoto bayan hoto yana rubuta hagu, dama, ko kawar da kai, kuma minti kaɗan na kallon jariri yana iya cin lokacin ma'aikaci ninki da yawa, sannan a nemi mutum na biyu ya sake don a kwatanta. Manhajojin bin ido da aka ƙera don manya ba sa aiki sosai a nan, saboda jariri ba ya zama wuri guda, kuma sau da yawa fuska biyu ce a hoton. Wannan ya sa Yotam Erel da Shari Liu da wasu, ciki har da Scott, suka fitar da wata manhaja mai suna iCatcher+ a 2023, wadda aka horar da ita da bidiyon jarirai don ta ware fuskar yaron ta faɗi inda ya kalla. Tana kusantar daidaiton mutum a yawancin bidiyo, amma masu ita sun ba da shawarar a riƙa duba wuraren da ba ta da tabbas, kuma duk na'urar da aka horar da hotuna tana bukatar a bincika ko tana aiki daidai a kan kowane launin fata da kowane irin haske.

Babban alƙawarin da aka ɗora wa wannan hanya shi ne faɗaɗa waɗanda ake nazarta. Mark Nielsen da abokansa sun duba manyan mujallun fannin a 2017 suka ga fiye da kashi 90 cikin 100 na binciken a kan yaran Amurka da Turai da sauran ƙasashe masu magana da Ingilishi aka yi shi, kuma ko a can ɗin, waɗanda suke da halin kai yaro jami'a da rana tsaka galibi masu ilimi ne masu abin hannu da ke zaune kusa. A wannan ɓangaren Lookit ya yi abin a zo a gani: iyalan da suka shiga gwajin farko sun fi na ɗakin gwaje-gwaje bambanta ta fuskar samu da matakin karatu, kuma uwar da take aikin dare ko take zaune nesa da kowace jami'a ta samu hanyar shiga. Haka kuma ya yiwu a gwada yaro guda sau da yawa a ranaku daban-daban, abin da kusan ba ya yiwuwa idan kowane zama yana bukatar tafiya, kuma ta haka ne kaɗai za a bambance halin yaron da halin da ya tashi da shi a ranar.

Sai dai ƙofar da aka buɗe tana da sharaɗi, kuma mai karatu a Kano ko Maraɗi zai gane shi nan take. An tsara gwaje-gwajen kallo ne don kwamfuta mai kyamara, alhali yawancin gidajenmu ta waya suke shiga intanet, kuma allon waya ya yi ƙanƙanta a rarrabe kallon hagu da na dama a kansa. Tura bidiyo yana cin data, kuma yana son wuta da sabis da ba sa yankewa. Ko an warware waɗannan, tsarin ya ɗauka cewa akwai ɗaki mai shiru da babba guda da yaro guda, ba tsakar gidan da jariri yake yawo daga bayan uwa zuwa hannun kaka zuwa kafaɗar yayarsa ba. Ya ɗauka cewa mutum guda ne zai ba da izini, alhali a gidaje da yawa ɗaukar hoton jariri a aika wa baƙi magana ce da sai mai gida ya sani, kuma wasu iyayen ba sa son a yawaita ganin jaririnsu saboda gudun kambun baka. Uwar da al'ada ta sa ta kunyar ɗan fari ba lallai ba ne ta yi masa wasa a gaban kyamara yadda mai binciken da ke Cambridge yake tsammani, ko da yake yaron yana samun wasa da magana daga mutane da yawa a gidan.

Waɗannan yaran su ne fannin ya fi bukata, domin ikirarin cewa jariri yana zuwa duniya da wani sani game da adadi da abubuwa da mutane ikirari ne a kan kowane jariri, kuma ba za a tabbatar da shi ba sai an gwada wanda ya tashi a goye yana ganin duniya ta saman kafaɗar mahaifiyarsa, yana jin Hausa da Fulatanci a gida guda. An saki manhajar Lookit a fili ga duk mai son dubawa ko gyarawa, don haka babu abin da ya hana wata jami'a a yankinmu ta fassara umarnin, ta ɗora gwajin a kwamfuta guda, ma'aikaciyar da iyalan suka sani suka amince da ita ta ɗauke ta gida gida, ta adana bidiyon, ta tura shi idan ta isa inda sabis yake.